Dogaro Ga Allah Ko Ƙoƙarin Kai: Darasi Daga Kututturan Gonakin Maraɗi

Duk wanda ya saba zaman kasuwa ya san wasu maganganu biyu da ba sa rabuwa da bakin mutane. Ranar da ciniki ya yi sanyi, har azahar ba a auna ko mudu guda ba, za ka ji mai rumfa ta yi ajiyar zuciya ta ce, bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Kafin ta rufe baki maƙwabciyarta ta amsa mata da cewa, ai Allah cewa Ya yi tashi in taimake ka. Dukkansu biyu suna da gaskiya, amma kowace tana ganin kamar 'yar uwarta ta bar hanya.

Wannan muhawara ta daɗe a tsakanin mabiya addinin Kirista. Shin mai bi zai miƙa komai ga Allah ne ya jira, ko kuwa zai zage damtse ya nema da ƙarfinsa? Idan ya yi ƙoƙari har ya samu, ina rabon Allah a ciki? Idan kuma ya zauna yana addu'a har yunwa ta shigo gida, laifin wa? A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar akwai wani labari na gaskiya da ya amsa tambayar nan fiye da doguwar huɗuba, kuma shaidarsa tana nan tsaye a gonaki, kowa na iya zuwa ya gani.

Ƙasar da iska ke binne shuka

Idan mai karatu ya bar birnin Maraɗi ya nufi arewa zuwa gundumar Dakoro, zai ratsa ƙasar jigawa mai yashi, inda ƙananan hukumomi irin su Sabon Mashi da Kornaka da Mai Yara suke. Mutanen Mai Yara manoman gero ne da wake, ga kuma kiwo. Daminarsu gajera ce, kuma ba a da tabbas a kanta. Kaɗan gaba da su ta arewa noma ke ƙarewa, ƙasar makiyaya ta fara.

A irin wannan wuri, maganar dogaro ga Allah ta wuce hirar fatar baki. Manomi zai fitar da irin da ya hana 'ya'yansa ci, ya zuba a ƙasa, sannan ya ɗaga kai yana duban gabas. Idan ruwa ya ɗauke, ko iska mai yashi ta taso ta binne tsiron da bai wuce tsawon yatsa ba, sai ya sake shuka, wani lokaci har sau biyu ko uku a damina guda. Abin da ya same shi a gona kuwa, shi ne zai sami mai awo a kasuwar Dakoro, ya sami mai tuwo-tuwo a Maraɗi, ya gangaro har Jibiya da Katsina da Dawanau.

Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, yawancin gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal. Jama'a ta ƙaru, an sare daji an yi gonaki, kuma an daɗe ana koya wa manomi cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas babu itace ko ɗaya. Ga kuma dokar gandun daji ta wancan lokaci da ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, ta yadda manomi zai iya shan tara a hannun malaman daji saboda reshen da ya sara a gonarsa. Wa zai raini abin da ba nasa ba? Mata suka koma tafiya mai nisa neman itacen girki, wasu suna dafa abinci da kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su zauna a gona su zama taki.

Baƙon da ya zo da ilimi da ƙarfi

A shekarar 1981 ne wani saurayi ɗan ƙasar Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo ya sauka a Nijar tare da matarsa Liz. Ya karanta ilimin aikin gona a jami'a, kuma ya zo ne a ƙarƙashin mishan ɗin SIM, wadda ta daɗe a ƙasar Hausa. Ita ce ta fara aiki a Damagaram a 1924, ita ce kuma ta gina asibitin Galmi da asibitin masu cutar kuturta na Danja da ke kusa da Maraɗi. Cikin ayyukan da aka danƙa masa har da dashen itatuwa a ƙauyuka.

Bawan Allahn nan bai yi lalaci ba. Ya raini dashe a gandun reno, ya loda a mota, ya kai ƙauye ƙauye, aka dasa, aka yi shinge, aka yi ban-ruwa. Amma kamar yadda shi da kansa ya sha faɗa, mafi yawan dashen mutuwa suke yi. A cikin goma da ƙyar ɗaya ko biyu ke kai labari. Wanda rana ba ta ƙone ba gara ta ci, wanda ya tsira daga gara awaki suka cinye, wanda ya tsira daga awaki yashi ya binne. Su kuwa manoma ba su ga abin da zai sa su bar neman abinci su koma dakon ruwa saboda itacen baƙo ba. Ba shi kaɗai ba ne. Manyan hukumomin duniya sun zuba maƙudan kuɗi a irin wannan dashe a ƙasashen Sahel, sakamakon bai taka kara ya karya ba.

'Yan kasuwa sun san irin wannan hali. Mutum ya zuba jari, ya yi sammako, ya hana idonsa barci, a ƙarshen shekara ya zauna lissafi ya tarar uwar kuɗi ma ta zaizaye.

Ranar da ya tsaya rage iskar taya

Wata rana a shekarar 1983, yana kan hanyar kai dashe wani ƙauye, ya tsaya domin ya rage iskar tayoyin motarsa saboda ta iya ratsa yashi. Ya duba gabas da yamma, kudu da arewa, bai ga komai ba sai fili. A nan gwiwarsa ta yi sanyi. Ya lissafa kuɗi da ma'aikata da shekarun da za a buƙata kafin a rufe wannan fili da itatuwa, ya ga abu ne da ba zai yiwu ba, har ya fara tunanin tattara kayansa ya koma gida.

Sai ya yi addu'a. A yadda ya ba da labari, ya roƙi Allah gafara saboda ɓarnar da 'yan Adam suka yi wa halittarSa har ta kai mutane na fama da yunwa, sannan ya roƙa a buɗe masa ido a nuna masa abin yi. Da ya ɗago, idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda ya wuce dubbansa a cikin shekaru biyu yana ɗaukarsu ciyayin banza. Wannan karon sai ya taka ya je ya duba ganyen da kyau. Ashe toho ne daga kututturen wani itace da aka sare tun da daɗewa. Saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta nutsa har inda danshi yake, duk shekara tana fitar da toho, duk shekara kuma manomi na zuwa lokacin sharar gona ya sassabe ya ƙone.

Nan take ya gane cewa dajin da yake ta wahalar kawowa a bayan mota yana nan kwance a ƙarƙashin ƙafarsa. Miliyoyin kututturan kalgo da sabara da geza da magarya da aduwa suna jiran a ɗaga masu ƙafa kawai.

Bayan addu'a sai aiki

To, a nan ne mai karatu ya kamata ya lura da kyau. Addu'ar da aka amsa ba ta sa itace ko ɗaya ya tsaya da kansa ba. Abin da ta yi shi ne ta canza wurin da za a zuba gumi.

Dabarar ba ta da wuya. Manomi zai zagaya gonarsa ya zaɓi kututturan da yake so. A kowane kututture zai bar tsiro mafi ƙarfi da miƙewa, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi, ya kuma aske ƙananan rassan da ke ƙasa. Da yake duk ƙarfin tsohuwar saiwa ya koma kan 'yan tsiron da aka bari, sai su yi saurin girman da dashe ba zai taɓa yi ba. Bayan 'yan watanni ya dawo ya sake gyarawa. Babu sayen iri, babu ban-ruwa. A Nijar ana kiran wannan aiki sassaben zamani.

Amma shawo kan mutane ya fi gyaran itace wuya. 'Yan manoma kaɗan da suka yarda suka gwada sun sha dariya, shi kansa ana ce masa mahaukacin Bature, kuma da dare a kan zo a sare abin da suka raina. Ana cikin haka aka shiga yunwar 1984, wadda mutanen Nijar ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Mishan ɗin ta shiga rabon abinci a ƙauyuka kusan 100, aka kuma gindaya sharaɗin cewa mai karɓar hatsi zai bar itatuwa su tashi a wani sashe na gonarsa. Ta haka aka raini itatuwa wajen 500,000.

Da yunwa ta wuce aka daina rabo, sai mutane suka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan nan. Wani zai ce aiki ya koma baya, addu'a ta tashi a banza. Sai dai waɗanda suka bar nasu sun ga abin da ba su zata ba: iska ta rage binne shuka, ganye na zuba yana zama taki, dabbobi na zuwa shan inuwa suna barin kashi, ga itacen girki a bakin gona, ga gero bai ragu ba sai ma ƙaruwa. Gani ya kori ji. Daga nan maƙwabci ya riƙa koya daga maƙwabci, ƙauye daga ƙauye, ba tare da an ba kowa ko tiya guda ba.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999. 'Yan shekaru bayan haka, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbin hotunan tauraron ɗan Adam, suka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 na gonakin kudancin Nijar, musamman jihohin Maraɗi da Damagaram. Sun kuma ƙiyasta ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, kuma dabarar ta bazu zuwa ƙasashe fiye da 20, ciki har da Habasha da Gana da Senegal.

Yadda Kirista ke karanta labarin

Malaman Kirista kan tunatar da mabiyansu cewa maganar nan ta tashi in taimake ka karin maganar mutane ce, babu ta a matsayin aya a Littafi Mai Tsarki. Abin da ke ciki ya fi haka zurfi, domin ya ɗaure ɓangarorin biyu da igiya ɗaya.

Ta fuskar dogaro, Zabura ta 127 ta nuna cewa magini da mai gadi duk wahalar banza suke yi muddin Ubangiji ba Ya cikin aikin. A Bisharar Yohanna sura 15, Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), ya kwatanta kansa da kurangar inabi, mabiyansa kuma rassa, ya nuna reshen da ya rabu da tushe bushewa zai yi, wanda ke ba da 'ya'ya kuma a kan aske shi don ya ƙara. Manomin da ya taɓa yin sassaben zamani ba ya buƙatar a fassara masa wannan misali. Littafin Ayuba sura 14 ma ya kawo misalin itacen da aka sare amma bai fid da rai ba, domin da zarar danshi ya iske saiwarsa zai farfaɗo.

Ta fuskar ƙoƙari kuwa, Manzo Bulus, wanda ya fi kowa nanata cewa ceto kyauta ce daga Allah, shi ne kuma ya riƙa ɗinkin tanti don ya ci da kansa, ya gargaɗi mutanen Tasalonika cewa mai ƙin aiki bai cancanci abinci ba. Littafin Karin Magana sura 31 ya yabi macen da ke tashi tun da duhu, tana saƙa tana sayarwa, har ta sayi gona da ribarta. Lidiya, wadda ta fara karɓar Bulus a garin Filibi, 'yar kasuwa ce mai sayar da tufafi masu tsada. A wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korantiyawa, Bulus ya raba aikin gida biyu: dasawa da ban-ruwa na mutum ne, girma kuwa na Allah.

Tun a ƙarni na 5 aka yi zazzafar jayayya a kan wannan. Wani malami mai suna Pelagius ya koyar da cewa mutum na da ikon yin daidai da ƙarfin nufinsa, shi kuwa Augustine, bishop na garin Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya dage cewa ko niyyar yin alheri daga alherin Allah take fitowa. Taron manyan coci da aka yi a Kartaj a shekarar 418 ya goyi bayan Augustine. Duk da haka Augustine bai taɓa cewa a naɗe hannu ba.

Kirista 'yan tsiraru ne a Nijar, kuma kusan duk manoman da suka raini itatuwan nan Musulmi ne. Ba su ga wani baƙon abu a cikin darasin ba, domin sun san hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara.

Yabon na wa ne?

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Ba Bature ne ya koya wa Bahaushe darajar itace ba. Kakanninmu sun san gawo, itacen da ke kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi ganye da rani ya ciyar da dabbobi. Sarakunan Damagaram na da sun kare shi da hukunci mai tsanani, kuma a yankunan Magarya da Matamai da Mirya manoma ne da kansu suka mayar da gawo gonakinsu. Ruwan sama ya ɗan gyaru bayan shekarun fari, abin da ba ya hannun kowa. Hukuma ma ta sassauta: an sabunta dokar gandun daji a 2004, sannan a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince wa manomi cin moriyar itacen da ya raina a gonarsa.

Har yau akwai sauran aiki, musamman a yankuna irin Dakoro inda ruwa ya fi ƙaranci, ga ɓarayin itace, ga saɓani da makiyaya masu sassaka rassa. A ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agye, kwamitin gari da ya haɗa manoma da mata da makiyaya ne ya tsare itatuwan. Ashe ko kyautar Allah tana son mai gadi.

Ina ruwan 'yar kasuwa?

Ruwanta ne ƙwarai. A shekarar 2005, bayan fari da farin dango na 2004, yunwa ta sake afka wa Nijar, kuma Maraɗi da Dakoro na cikin wuraren da aka buɗe cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Masu bincike sun lura cewa gidajen da ke da itatuwa sun fi jurewa, domin sun sami abin kaiwa kasuwa: damin itace, 'ya'yan gawo na dabbobi, kuka, magarya, aduwa. Mata ne kan gaba a wannan ciniki, kuma da kuɗinsa aka sayi tiyar geron da ta riƙe yara har kaka.

Akwai kuma darasin da ya shafi rumfa kai tsaye. Wasiƙar Yaƙubu sura 4 ta ja kunnen fatake masu tsara cewa za su je gari kaza su shekara su ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta haifar ba. Ta ce su riƙa jingina shirinsu ga yardar Ubangiji. Ba ta hana su tafiya fatauci ba. Wanda ya ga rufe iyaka a 2019, ya ga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, ya ga an sake garƙame hanyar Jibiya zuwa Maraɗi bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin shekarar, kaya na ruɓewa a cikin motoci, ya san cewa akwai abin da wayo da sammako ba sa iya tarewa.

Idan irin wannan ta faru, wasu kan ce ƙaddara ce su zauna. Wasu kuma su ruga cin bashi mai ruwa domin su faɗa sabuwar sana'ar da ba su san kanta ba, kamar mai jigilar dashe zuwa cikin yashi. Labarin Maraɗi yana nuna hanya ta uku: ka roƙi Allah, sannan ka sunkuya ka duba abin da ya rage da rai. Jari na iya ƙonewa, amma amanar da dillali ya san ka da ita tana nan. Abokan cinikin shekara ashirin suna nan. Sanin hatsi mai kyau da ido, iya suya, iya ƙulli, adashin da ba ki taɓa saɓawa ba, duk saiwoyi ne a ƙarƙashin ƙasa. Sai dai toho yana son askewa. Mai ƙaramin jari da ya raba shi gida goma, kowane sai ya tsumbure. Gara ya zaɓi biyu masu ƙarfi ya datse sauran, har da bashin da ake bayarwa don kunya da bikin da ake yi don a gani.

Manomin Mai Yara ba shi ya halicci saiwa ba, ba shi ke saukar da ruwa ba, don haka ba shi da abin alfahari. Amma idan bai wasa gatarinsa ya fita gona ba, kututturen nan haka zai yi ta toho ana ƙonewa har illa ma sha Allahu. Saboda haka gobe idan masu rumfar nan biyu suka sake tayar da muhawararsu, sai a ce masu su haɗa maganganun nasu wuri guda su buɗe rumfa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo kasuwa, Ya kuma buɗe idanunmu mu ga arzikin da muke takawa.